Shekara Ɗaya da Rabi Ina Amsa Sunan Abokina da Ya Rasu a Cikin Wasa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu maza da mata. Allah ya sa kuna lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kada a saka lambata, sunayen da zan ambata ma duk na aro ne. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Na san da zarar wasunku sun ga kalmar wasa za su ce ƙato da gemu ya rasa abin yi. Da a ce abin a wasa ya tsaya, wallahi da ban rubuto ba.

Ni mutumin Daura ne, shekarata arba'in da ɗaya, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Malamin makaranta ne ni, ina koyarwa a wata sakandare ta wajen Baure, kullum in tafi da safe in dawo da azahar. A unguwarmu ana ganin mutuncina, har sulhu ake kira na in yi tsakanin ma'aurata. Ba wanda zai kalle ni ya yi tunanin abin da zan faɗa muku.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, zan kira shi Ilu. Yana da shagon kwamfuta kusa da tasha, inda ake buga takardu da cike fom. A shagon nan muka fara wani wasa na intanet shekara goma sha biyu da suka wuce. Ga waɗanda ba su sani ba, irin wasan nan ne da mutum zai ƙirƙiri gwarzonsa, ya ba shi suna, ya shiga wata duniya mai birane da dazuzzuka da dodanni, inda dubban mutane na gaske daga ƙasashe daban-daban suke ciki a lokaci guda. A wancan zamanin wasan yana da wuya ƙwarai. Ba ka isa ka ƙetare daji kai kaɗai ba, sai ka nemi abokan tafiya, ka gaishe su, ka roƙe su. Daga birni zuwa birni tafiya ce ta kusan sa'a guda a ƙafa, a hanya ake hira, a hanya ake sanin halin juna. Da haka muka tsinci 'yan'uwanmu Hausawa a ciki, wani daga Katsina, wani daga Magarya, wani ɗalibi a Sudan, har muka kai mutum talatin da wani abu muka kafa ƙungiyarmu. Mu ayari muke ce mata, shugabanta kuma madugu. Ilu ne madugu tun ranar farko. Na biyunsa wani direban babbar mota ne ɗan Damagaram, zan kira shi Musa. Ni kuwa mai magani ne, aikina in tsaya a baya ina warkar da waɗanda aka raunata. Idan an ci yaƙi a yabi masu takobi, idan an faɗi a ce mai magani ne ya yi sanyi. Ku riƙe wannan, don a nan ciwona yake.

Muna da gida a tsohon birnin wasan, da rumbu inda kowa ke ajiye abin da ya samo. Akwai wani takobi da muka yi wata bakwai muna nema wa Ilu, duk Asabar bayan la'asar sai mun shiga kogo ɗaya, a karkashe mu, mu sake komawa. Ranar da ya samu, wani ɗan ayarinmu a Katsina har kaza ya yanka. Ban da ni da Ilu, ba mu taɓa ganin fuskar juna ba, rubutu kawai muke yi, amma idan matar wani ta haihu mun sani, idan uban wani ya rasu mun yi masa ta'aziyya.

Sai kamfanin da ya yi wasan ya fara fito da abin da muke kira ƙari, wato duk bayan shekara biyu ko uku su buɗe sabuwar ƙasa, su ƙara matakai, su sauya dokoki. Ƙarin farko mun yi murna da shi, har muka shiga sabuwar ƙasar muka ga wani dodon bakin hanya, wanda yaro ma zai kashe, yana yar da takobin da ya fi na Ilu kaifi. Wata bakwai ɗinmu ya zama ƙarfen jibge a yini ɗaya. Ilu ya rataye takobin a bangon gidan ayari. Ƙari na biyu shi ya kashe mu. Suka sa ƙofofi da za ka shiga ka ɓulla a kowane birni nan take, tafiya ta ƙare, hirar hanya ta ƙare. Suka sa wani maɓalli da za ka danna ya haɗa ka da baƙi huɗu ku yi yaƙi ku rabu ba ko sallama. Suka kuma ba sababbin shiga damar sayen matakin da mu muka yi shekaru muna hawa. Sai ka ga wanda ya shigo jiya ya fi ka kaya, bai san sunan birnin da yake tsaye a ciki ba. Kasuwar tsohon birni, wadda da ba ka iya ratsawa don cunkoso, ta koma kufai. Tsofaffin 'yan wasa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Daga talatin muka dawo sha ɗaya.

A nan ne Ilu da Musa suka saɓa. Musa yana ganin a buɗe ƙofa a ɗebi sababbin yara, in ba haka ba ayarin zai mutu. Ilu yana ganin gara ya mutu da mutuncinsa. Ana cikin wannan ja-in-ja sai wata rana aka buɗe rumbu aka tarar tsofaffin kayan da muka tara shekara da shekaru babu su. Mutum biyu ne ke da makullin rumbu, Ilu da Musa. Ilu ya tara kowa ya rubuta a bainar jama'a cewa Musa ɓarawo ne, ya kore shi daga ayari. Na tuna abin da Musa ya rubuta na ƙarshe: "Madugu, shekara takwas muna tare. Allah ya isa ban ce ba, amma Allah yana gani." Bayan wata biyu Ilu ya gano a wata sanarwar kamfani cewa su da kansu suka goge duk tsofaffin kayan da ba su dace da sabon ƙarin ba, a kowane rumbu na duniya. Musa bai taɓa ko allura ba. Ni kaɗai Ilu ya nuna wa sanarwar. Na ce ya kamata ya nemi Musa. Ya ce zai nema, sai dai ba yanzu ba. Kun san girman kai irin na maza, yau ne gobe ne har shekara biyu ta wuce.

Sai ciwon hanta ya kama Ilu. Abin bai ɗauki lokaci ba. Na je duba shi a asibiti a Katsina wata ranar Laraba da hantsi, idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Matarsa, wadda muke kira Maman Ihsan, ta fita karɓo magani. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, ɗauko biro." Ya faɗa min kalmar sirrin akawun ɗinsa na wasan, na rubuta a bayan katin asibiti. Ya ce, "Abu uku nake so ka yi min. Idan ta Allah ta kasance, ka shiga ka faɗa wa 'yan ayari, su sa ni a addu'a. Ka nemo Musa duk inda yake, ka ce na gano gaskiya, bai ɗauki komai ba, ya yafe min don Allah, kuma ka faɗi haka a gaban kowa kamar yadda na tozarta shi a gaban kowa. Na uku, ka ba shi madugancin. Shi ya dace."

Na ce, "Haba Ilu, za ka tashi ka faɗa masa da kanka."

Ya ce, "Kai dai ka ce ka ɗauka."

Na ce na ɗauka. Kwana tara bayan nan ya rasu. Da hannuna na taya saka shi a kabari.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, tun a motar dawowa daga Katsina maganar nan ta uku ta tsaya min a maƙogwaro. Shi ya dace? Ni fa? Ni da muka tashi a lungu ɗaya, ni da ban taɓa fashin Asabar ba, ni da na tsaya a bayansa shekara goma ina warkar da shi? Ko a bakin mutuwa bai ga na isa ba? Na san abin kunya ne mutum ya yi hassada a kan sarautar da ba ta wuce cikin kwamfuta ba, amma zuciya ba ta san wannan ba.

Bayan sadakar bakwai sai ƙari na uku ya fito. A labarin da kamfanin ya tsara, teku za ta cinye tsohon birni gaba ɗaya, kuma duk ƙungiyar da ke da gida a can sai shugabanta ya shiga da kansa ya mayar da gidan sabuwar ƙasa cikin wata guda, in ba haka ba a goge shi da duk abin da ke ciki. Na ce to, bari in shiga da sunan Ilu in ceci gidan, daga nan in sanar da rasuwar. Wallahi niyyata ke nan. Na dawo daga makaranta, na yi la'asar, na buɗe laftof ɗina na saka kalmar sirrin. Ko minti ɗaya ban yi ba saƙonni suka fara zubowa. "Madugu ya dawo." "Alhamdu lillahi, ya jiki?" "Wallahi mun yi kewarka, ayarin ba daɗi ba kai." Wani ma ya ce har azumi ya yi yana roƙa masa lafiya. Shekara goma ina shiga wasan nan ba wanda ya taɓa yi min irin wannan tarba. Na ɗora yatsuna zan rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da na rubuta shi ne, "Jiki da sauƙi, na gode."

Na ce gobe zan gyara. Gobe ta yi na ce bari a gama ƙaura tukuna, kada hankalinsu ya tashi. Aka gama ƙaura na ce ai yanzu in na faɗa za su tambaye ni wa ya yi ta magana da su sati biyu. Haka ramin ya yi ta zurfi. Na san yadda Ilu ke rubutu, na san ba ya saka alamar tambaya, na san yana fara kowace magana da "to jama'a". Na kwaikwaye shi tsaf. Da suka fara tambayar ina mai magani, tunda ba zan iya shiga da mutum biyu a lokaci guda ba, sai na ce musu Malam ya daina wasa, aiki ya yi masa yawa. Mutum biyu suka ce Allah sarki, a gaishe shi. Shi ke nan, ba wanda ya sake ambato na. Kun ga ni mai rai na binne kaina, na tono mamaci na zauna a rigarsa. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, na ji daɗin zaman. Na buɗe ƙofa na ɗebi sababbin yara, daidai shawarar da aka kori Musa a kanta, ayarin ya cika ya haura hamsin, kowa yana cewa ciwo ya sa Madugu ya yi laushi.

Wata biyar da suka wuce Musa ya dawo. Ya buɗe sabon gwarzo, ya turo wa Madugu saƙo a keɓe. Har yanzu saƙon yana nan. Ya ce, "Madugu, na ji ka yi ciwo mai tsanani. Na ga duniyar nan ba ta da tabbas. Ni ban ɗauki kayan nan ba, amma idan akwai abin da na yi maka wanda ya sa ka zarge ni, ka yafe min. Ba na so ɗayanmu ya mutu da wani a zuciyarsa." Na zauna ina kallon rubutun nan har aka kira magariba. Ga dama Allah ya kawo min har gida. Mutumin da aka ce in nemo, ga shi ya kawo kansa. Abin da ya rage kawai in ce masa Ilu ya rasu, ya bar saƙo, kai ne mai gaskiya. Kun san abin da na rubuta? Na rubuta, "Komai ya wuce, na yafe maka." Na karɓi haƙurin wanda aka zalunta a madadin wanda ya zalunce shi, alhali mamacin yana kwance yana jiran a roƙa masa yafiya. Musa ya yi ta godiya. Na mayar da shi ayari a matsayin ƙaramin ɗan wasa, kuma har yau tsofaffin cikinmu suna yi masa kallon ɓarawon da aka yi wa afuwa, ba mai yarda ya bar shi kusa da rumbu. Tun ranar ban sake cin abinci na ji ɗanɗanonsa yadda ya kamata ba.

To sai ƙari na huɗu ya zo da wuri fiye da yadda aka saba, wata biyu ke nan, shi ne ya fito da abin daga cikin kwamfuta ya shigo da shi cikin gidajenmu. Kamfanin ya ɗaure kowane akawun da lambar wayar mai shi, duk lokacin da aka shiga sai su tura saƙo wayar. Ni ban lura da wannan ba. Layin Ilu kuwa yana hannun Maman Ihsan, ba ta yarda an rufe shi ba saboda masu kiran ta'aziyya da tsofaffin abokan cinikinsa. Wata Asabar da hantsi ta zo gidanmu wajen matata, suka jima a ɗaki, sai matata ta leƙo ta ce Maman Ihsan tana son magana da ni. Na same ta a tsakar gida, ta rame har na kusa kasa gane ta. Bayan mun gaisa ta miƙo min wayar ta ce, "Malam, kai ka san harkokinsa. Duba min wannan." Saƙonni ne a jere da Turanci, ta yi sakandare, tana karantawa sarai. Kowanne yana cewa barka da dawowa, da cikakken sunan Ilu, da lokacin da ya shiga.

Na ce, "Ai wannan na'ura ce kawai take turowa, kamfanonin nan haka suke, ba su san wanda ya mutu ba."

Ta ce, "Na yi tunanin haka. Amma Malam, me ya sa sai bayan la'asar yake zuwa, daidai lokacin da yake zama a kan abin nan? Me ya sa ba ya zuwa ranar Juma'a? Shi ma ba ya yi ranar Juma'a. Na'ura ta san Juma'a ne?"

Ni ne na riƙe al'adunsa har da ranar hutunsa don kada 'yan ayari su gane. Ta sunkuyar da kai ta ce tana yawan mafarkinsa yana tsaye a bakin ƙofa, kamar yana son faɗin wani abu bakinsa ya ƙi buɗewa. Ta ce, "Ina jin tsoron ko akwai haƙƙin wani a kansa da ya hana shi kwanciya. Bai bar maka wata wasiyya ba?" Na dubi matar nan, marainiyarta tana wasa da 'ya'yana a gefe, na ce mata bai bar min komai ba.

Za ku ce ai daga nan sai in daina. Na daina na kwana shida. A rana ta bakwai na koma, sai wasan ya ce ba zan shiga ba sai na saka wasu lambobi da ya tura wayar mai akawun. Na tashi na tafi gidan su Ilu, na yi sallama a zaure, na ce wa Maman Ihsan na samo hanyar rufe abin gaba ɗaya, ta karanto min lambobin da suka shigo yanzu. Ta karanto min tana ta sa min albarka. Na dawo gida na shiga, ban rufe komai ba. Na nemi inda ake sauya lambar waya, suka ce sai an kawo katin shaidar mai akawun da hoton fuskarsa. Washegari bayan la'asar saƙo ya sake shiga wayarta. Matata ta ce min tun ranar Maman Ihsan ba ta yarda ta zauna ita kaɗai idan la'asar ta yi, takan ajiye wayar a cikin kwano ta rufe, ta fita ƙofar gida ta zauna. Surukarta ta fara karɓo mata rubutun sha. Wace irin zuciya ce a ƙirjina? Me wasan nan ya mayar da ni? Ko dama haka nake, wasan ya tona ne kawai?

Sabon ƙarin ya zo da magana da murya. Yaƙe-yaƙensa suna da sauri, ba a iya tsayawa rubutu, kowa sai ya yi magana. A karo na farko na ji muryoyin mutanen da na sani shekara goma sha biyu. Suka ce saura Madugu. Na ce ciwon ya taɓa min maƙogwaro, likita ya hana ni magana. Kowa ya yarda, ban da Musa da abin ya dame shi. Ya yi ta tambaya wane irin ciwo ne, wane magani nake sha, ya ce akwai wata zuma da sassaƙe da ake samu a wajensu masu kyau ga murya. Kuma ashe yanzu 'yan ƙungiya ɗaya suna iya ganin lambar shugabansu. Ranar Litinin da ta wuce ya kira.

Na san abin da ya faru ne daga ɓangare biyu. Da azahar ina shigowa gida Maman Ihsan ta kira ni. Ta ce, "Malam, wani mutum ya kira da lambar Nijar. Ya ce a ba shi Ilu. Na ce wane Ilu. Ya ce mai shagon kwamfuta, ai jiya ma sun yi hira, ya ce masa maƙogwaron da sauƙi." Ta ce daga nan ba ta san abin da ya faru ba, sai farkawa ta yi ta ga mata a kanta suna yayyafa mata ruwa. Da la'asar na shiga wasan, na tarar da saƙon Musa. Ya ce, "Madugu, na kira layinka wata baiwar Allah ta ɗauka, na ji ta fashe da kuka, waya ta katse. Na sake kira ba a ɗauka ba. Hankalina bai kwanta ba. Ina da lodi zuwa Kwangwalam, nan bakin iyaka, ranar Alhamis, in na sauke zan ƙaraso Daura in yi Juma'a a nan. Na tuna ka taɓa ce min shagonka yana kusa da tasha, zan tambaya. Na riƙo maka zumar. Shekara goma sha biyu, ya kamata in ga fuskarka." Na rubuta masa cewa na yi tafiya. Ya ce ba komai, zai bar saƙon a shago, ya gaida iyali. Shagon yana nan a buɗe, ƙanen Ilu ke zama. Tambaya ɗaya Musa zai yi a ba shi amsa.

Jiya Talata kuma babban wan Ilu, Yaya Sale, ya same ni a ƙofar gida bayan na dawo daga makaranta. Dattijo ne mai sayar da dabbobi, ba ya da yawan magana, kuma ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa masa. Ya ce, "Malam, ni ban yarda da zancen fatalwa ba. Wanda ya mutu ya mutu. Mutum ne mai rai yake wasa da sunan ɗan'uwana, yana neman haukata masa iyali. Ban san ko wane ne ba, ban san me muka yi masa ba. Na yi magana da malamai, ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a zaurenmu a ja Yasin a kan ko wane ne, Allah ya tona shi, ya kuma yi mana maganinsa." Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne amininsa, ba shi da kamarka. Ka zo da wuri, da kai za a karanta."

Na ce masa in sha Allahu.

Yau Laraba. Tun jiya ban shiga wasan ba, ban kuma iya shiga aji ba, na ce wa shugaban makaranta zazzaɓi nake yi. Matata tana ta tambaya ta me ke damu na, ita da ke kai wa Maman Ihsan abinci kullum tana dawowa tana tsine wa wanda ke wannan aiki, a gabana, ina cewa amin. Na yi tunanin in goge akawun ɗin in yi shiru, amma sai da lambobin wayarta, kuma ko na goge Musa yana hanya, zai nuna wa dangin Ilu hirarrakin wata biyar, kuma duk Daura an san mutum ɗaya ne ke zama kusa da Ilu a kan wasan nan. Na yi tunanin in tari Musa a Kwangwalam in faɗa masa gaskiya tsakanina da shi, in roƙe shi ya rufa min asiri ya juya. Amma da wane baki zan roƙi rufin asiri wajen mutumin da na bari ana kira ɓarawo, na kuma karɓi haƙurinsa? In ya yafe wa Ilu, ni zai yafe min? Kuma ko ya juya, Maman Ihsan fa, haka za ta ci gaba da zaton mijinta yana cikin azaba? Na yi tunanin in je wajen Yaya Sale yau ɗin nan in durƙusa, amma ina tuna fuskar matata, da ɗalibaina, da mutanen da na sha yi wa wa'azin riƙon amana. Garin nan ƙarami ne, kafin magariba labarin ya kai rijiyar Kusugu ya dawo.

Na san ni na jawo wa kaina, ba sai kun tuna min ba. Malaman da ke wannan shafi, ku faɗa min, wasiyyar da na danne har yanzu tana da gyara, ko na riga na cuci mamacin cutar da ba ta warkewa? Wa zan fara tunkara, matar, ko wan, ko Musa? Kuma idan na kasa buɗe baki har Juma'a ta yi, in je in zauna a zauren nan in buɗe Alƙur'ani in karanta a kan kaina?

Kwana biyu suka rage min. Don girman Allah, ku da kuke ganin abin daga waje, me zan yi?